In dai ciwon dajin ba zai warke ba, meye amfanin wahalar maganin?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ce.

Saƙonki sai da na karanta shi sau biyu kafin na fara rubutu. Kin ce ciwon dajin mama ne, ya tafi ƙashin baya da hanta, wata 14 kenan kina kan magani, da farko ƙwayoyin homon kike sha, masu hana ciwon amfani da sinadarin mata na jiki, da hoto ya nuna na hantar ya ƙara girma sai aka mayar da ke kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, na sati-sati mai suna Taxol, yanzu ƙafafunki sun fara mutuwa, gajiya ta hana ki katabus, kin tambayi likita yaushe za a gama ya ce babu ranar gamawa, ga shi kuma ya rubuta miki mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ya ce zai haɗa ki da sashen rage raɗaɗi, ke kuma a ranki kika ce shikenan sun sallama ni. Tambayarki ita ce in dai ba warkewa za a yi ba meye amfanin wannan wahalar, kina da damar ki huta, kwana nawa ya rage, kuma me za ki ce wa yara. Ni likita ce, masu irin wannan ciwon nake dubawa kullum, to bari in amsa miki kamar kina zaune a gabana kuma babu layin mutane a waje suna jiran a kira su.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ciwon dajin mama da ya riga ya bar maman ya je ƙashi da hanta, wanda muke ce wa mataki na 4, da ilimin da ake da shi yau ba a iya tumɓuke shi gaba ɗaya. Ƙwayoyin ciwon sun riga sun bi jini, abin da kike gani a hoto waɗanda suka taru ne har suka yi girman da na'ura za ta kama, akwai ƙanana a ɓoye da babu sikanin da zai nuna su, shi ya sa ba a cewa a yanke na hantar a huta. Kuma na hantar nan ba ciwon dajin hanta ba ne, na maman ne ya yi ƙaura, shi ya sa har yanzu maganin mama ake ba ki. Akwai dai wasu ciwukan daji da ko sun bazu ana warkar da su, kamar na maraina da na kaluluwa irin wanda ake kira Hodgkin, amma na mama ba ya cikinsu, kuma duk wanda ya yi miki alkawarin zai warkar da shi tas, ki riƙe kuɗinki ki riƙe zuciyarki.

Amma fa "ba ya warkewa" daban, "ba shi da magani" daban, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya tun lokacin karaya bai yi ba. Aikin maganin yanzu abu uku ne, ya taka wa ciwon birki, ya rage miki ciwo da wahala, ya ƙara miki kwanaki masu kyau. Wasu likitoci kan kwatanta shi da hawan jini ko ciwon suga, wai magani ne na har abada, ni ban cika son kwatancen nan ba saboda rabin gaskiya ne, hawan jini ba ya koyon maganinsa, shi kuwa wannan yana koya. Duk maganin da aka ba ki yana kashe ƙwayoyin ciwon da ke jin sa, sai a bar 'yan kaɗan da ba sa ji, su kuma a hankali su hayayyafa, bayan watanni ko shekaru sai hoto ya nuna an motsa. Abin da ya faru da ƙwayoyin da kika sha da farko kenan. Ba ke kika yi sakaci ba, ba wani abu kika ci ba, ba kuma kuskuren likita ba ne, halin ciwon ne. Shi ya sa muke lissafi da layi-layi, layi na farko ya yi iya yinsa a koma na biyu, na biyu ya gaji a koma na uku, kuma na mama yana cikin ciwukan dajin da suka fi yawan layuka.

Hoton da ake miki duk wata biyu zuwa uku ma ya kamata ki san yadda muke karanta shi don kar rabin kalma ta hana ki barci. In ƙarin ya ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye mukan ce magani ya kama, in ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 ko wani sabo ya fito mukan ce ciwo ya ci gaba, abin da ke tsakani kuwa shi ne "yana nan yadda yake". Na sha ganin mace ta fashe da kuka don an ce mata yana nan yadda yake, alhali a wannan matakin labari ne mai daɗi, ciwon da halinsa girma ne an tsayar da shi wuri ɗaya. Haka gwajin jinin nan na CA 15-3, lamba ɗaya da ta hau ba ta yanke hukunci, ana haɗa ta ne da hoto da kuma yadda jikinki yake. Kwanakin da ke tsakanin ɗaukar hoto da jin sakamako kuwa na san azaba ce, ki roƙa a sa miki ranar ganin likita kusa da ranar hoton, haƙƙinki ne ki nema.

To yanzu ga abin da na fi so ki riƙe daga duk wannan dogon rubutun. Tunda ba ana yaƙin a gama a huta ba ne, to kowane magani sai ya biya kuɗin zamansa a jikinki. Lokacin da ake fatan warkewa gaba ɗaya mukan ce wa mara lafiya ta daure wata shida ta sha wuya saboda akwai shekaru a gaba da za su biya ta, amma a mataki na 4 lissafin ya canza, kwanakin da kike kwance ba kya iya ɗaga kai saboda magani su ma daga cikin kwanakinki ake cire su. Saboda haka ma'auni biyu ne, abin da hoto ya nuna da kuma yadda ranarki take wucewa, kuma na biyun ke kaɗai ce kike da shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganinki minti goma ne a ranar da kika yi wanka kika shirya kika daure kika ce "da sauƙi", bai ga sauran kwana shidan ba. In ba ki faɗa ba wallahi ba zai sani ba.

Shi ya sa maganar ƙafar nan ta fi tsaya mini a rai. Taxol yana taɓa ƙananan jijiyoyin yatsun ƙafa da na hannu, ana fara jin tsikari kamar ana soka allurai, ko zafi, ko ki ji kamar kina taka auduga, daga baya ɓalla maɓalli ko riƙe biro ya gagara, kuma abin taruwa yake yi, kowane sati yana ɗora wa na baya. In aka kama da wuri aka rage adadin ko aka dakata sau da yawa yana lafawa, in aka yi ta turawa kuwa yana iya zama ya zauna ko bayan an daina. Marasa lafiya da yawa ɓoyewa suke yi saboda tsoron kar likita ya janye maganin, wannan kuskure ne babba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rage adadin kemo ba faɗuwa ba ce, abu ne da muke yi kullum, ana iya ragewa, ana iya yin sati uku a huta ɗaya, ana iya canzawa gaba ɗaya. Akwai Xeloda, kemo ne na ƙwaya da ake sha a gida sati biyu a huta sati ɗaya, ba ya cika zubar da gashin kai ko kashe jijiya, nasa laulayin shi ne gudawa da jan tafin hannu da tafin ƙafa. Tunda an taɓa ba ki maganin homon, alama ce naki irin wanda ke rayuwa da sinadarin istirojin ne, kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon dajin mama haka suke, to akwai sauran magungunan wannan ɓangaren kamar allurar Faslodex, da ƙwayoyi irin su Ibrance da aka fara amfani da su a 2015 ana haɗa su da maganin homon, ki tambaya ko akwai wanda ba a gwada miki ba tukuna. Ki kuma tambaya ko an taɓa ɗibar ɗan nama daga na hantar an sake aunawa, saboda wani lokaci ciwon yana canza hali bayan ya bazu, wanda da ba shi da alamar HER2, wani sinadari da ake samu a jikin ƙwayoyin ciwon, sai a same ta, ita kuma tana da maganinta na musamman, Herceptin, tun 1998.

Kuma da likita ya ce babu ranar gamawa, ba yana nufin Taxol har ƙarshen rayuwa ba. Yawanci ana ba da kemo irin wannan ne har ya danne ciwon ko jiki ya fara ƙorafi, sai a sauka a koma kan wani abu mai sauƙi da zai riƙe abin da aka samu. Hutu ma ana bayarwa, in akwai wani abu mai muhimmanci a gabanki, tafiya ce ko wani taro na iyali, ki faɗa tun da wuri a tsara maganin ya zagaye shi. Abin da ba na so shi ne ki ɗauki hutun da kanki ki ɓace ba sallama, saboda na hanta yana iya motsawa ba ki ji ba, hutun da aka yi shawara aka sa ranar hoto a ƙarshensa shi ne hutu. Kafin nan ki riƙa duba tafin ƙafarki kullum ko kin ji ciwo ba ki sani ba, kar ki yi tafiya ba takalmi, ruwan zafi ki gwada shi da gwiwar hannu ba da ƙafa ba, ki kuma kiyayi faɗuwa tunda ƙashin bayan ba shi da ƙarfinsa na da. In zafin jijiyar yana damunki akwai duloksetin, shi ne ya fi nuna amfani a irin wannan.

Sai mofin. Na san sunan kaɗai tsoro yake ba mutane, wasu sun ɗauka allurar sallama ce, wasu kuma tsoron su kamu da shaye-shaye. Dalilin da ya sa ake ganin kamar yana kashewa shi ne an daɗe ana hana mutane shi sai ana saura kwana biyu su cika, sai a ba su, su rasu, dangi su ce maganin ne. Mofin maganin ciwo ne kawai, ƙarfin ciwo ke sa a ba da shi ba kusancin ajali ba, ina da waɗanda suka shekara suna shan sa suna zuwa wurin aikinsu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake bi hawa-hawa, a fara da farasitamol da danginsa, in bai isa ba a hau kodin ko tiramadol, in bai isa ba a hau mofin, kuma ta baki, kuma bisa agogo. Wannan na agogon shi ne sirrin, mai saurin aiki duk awa 4, mai jan lokaci duk awa 12, ba jira za ki yi sai ciwon ya taso ya gigita ki ba, in ya riga ya taso danne shi ya fi wuya kuma ya fi cin magani. Za a kuma ba ki ɗan ƙari na ko-ta-kwana don lokacin da ciwo ya keto tsakanin lokutan, ki riƙa rubuta sau nawa kika sha a rana, da shi likita zai gyara adadin. Kwana biyu zuwa uku na farko za ki iya jin barci-barci da tashin zuciya, suna wucewa. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka ranar da aka fara mofin ranar ake fara maganin sassauta ciki, in ba a rubuta miki ba ki tuna musu. Wanda ke shan sa don ciwo na gaske, bisa ƙa'ida, likita na bibiya, da wuya ƙwarai ya zama ɗan maye, sai dai jiki yana sabawa, shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake sauka. Ki ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Su ibufurofen da dikilofenak kuwa kar ki saya da kanki, suna taɓa ƙoda da ciki kuma suna sa zubar jini in kemo ya rage ƙwayoyin daskarar da jini, farasitamol ma tunda hanta na ciki ki bari likita ya faɗa miki iyakarki.

Sashen rage raɗaɗin da aka tura ki kuma, da ni ce da tun watan farko na tura ki. Ba ɗakin jiran mutuwa ba ne. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ita ce ta koya wa duniyar likitanci cewa ciwon mai irin wannan larura ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, akwai na tunanin iyali, akwai na ruhi, kuma duk suna ƙara wa juna zafi. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, aka raba su biyu, duka ana ba su maganin daji, amma rabi aka haɗa su da masu rage raɗaɗi tun daga farko. Waɗanda aka haɗa ɗin sun fi jin daɗin rayuwa, ciwon damuwa ya yi ƙaranci a cikinsu, kuma abin da ya ba kowa mamaki, sun fi daɗewa, tsaka-tsakinsu wata 11.6, ɗaya ɓangaren wata 8.9. Tare da kemo ɗinki za su yi aiki, ba madadinsa ba ne, don Allah ki je.

Ciwon ƙashin bayan ma akwai abin yi bayan ƙwaya. Gashi da na'urar haske, ko zama ɗaya tak, yana rage ciwon ƙashi ga kusan mutum 6 cikin 10, sai dai kwanakin farko yana iya ɗan tsananta kafin ya lafa cikin sati ɗaya zuwa huɗu. Akwai kuma ruwan Zometa da ake sakawa duk wata ko duk wata uku, yana rage haɗarin karaya, amma kafin a fara a duba ƙoda a kuma duba haƙora, kuma kar ki bari a cire miki haƙori ba tare da an san kina karɓarsa ba saboda yana iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa.

Wannan ɓangaren kuma ki kwafe shi ki ba wanda ke kwana kusa da ke. Ki mallaki ma'aunin zafin jiki a gida. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, yawanci sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an saka, ke da kike kan na sati-sati kuwa kowace rana ki ɗauka za ta iya zama. In zafi ya kai 38, ko kina rawar sanyi, ko kawai kika ji jikinki ya canza miki lokaci ɗaya, ba a shan farasitamol a kwanta a ce sai da safe, sashen gaggawa ake tafiya ko ƙarfe biyun dare ne, kuma kina shiga ki ce ina kan kemo, saboda ana so a fara maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Na biyu, ciwon baya sabo ko wanda ya tsananta, musamman mai zagayowa kamar an ɗaure ki da ɗamara, ko mai ƙaruwa in kin kwanta ko kin yi tari, ƙafafu su yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba ki sani ba, wannan alama ce ƙarin yana danne laka, ana so a yi hoton MRI cikin awa 24, kuma wanda aka kama yana kan ƙafarsa shi ne ya fi samun ci gaba da tafiya. Ki lura, mutuwar ƙafa ta Taxol daga yatsu take farawa a hankali cikin satuttuka, ta laka kuwa rauni take kawowa cikin kwanaki ko awoyi, kar ki ce ai maganin ne. Sai ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari da taurin ciki da ruɗewa, wannan kalsiyom ne ya hau a jini daga ƙashi, ana saukar da shi da ƙarin ruwa da magani. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, gudan jini ne sai an tabbatar ba shi ba. Ido ya yi ɗorawa, ko amai da ya hana ruwa zama kwana guda, su ma ba a jira.

Gajiyar kuwa gaskiya ce, ba lalaci ba ne, kuma ba irin wadda barci ke gyarawa ba ce. A fara duba abubuwan da ake iya gyarawa, ƙarancin jini, rashin barci saboda ciwo, damuwa. Bayan nan abin da bincike ya fi nuna yana taimakawa, duk da kamar bai shiga hankali ba, shi ne motsi, tafiya a hankali ko minti goma ce, kwanciya yini guda ƙara kashe jiki take yi. Ki gane lokacin da kika fi ƙarfi a rana ki kashe shi a kan abin da ke kaɗai ce za ki iya yi, zama da yaranki misali, shara da wanki kowa ma zai iya, masu cewa "in akwai abin da za mu yi ki faɗa" to ki faɗa ɗin, ki ba kowa aikinsa da sunansa. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, abin da ranki ya karɓa. Zancen wai suga ke ciyar da ciwon a daina ci, duk ƙwayoyin jiki da suga suke aiki, hana kai abinci ba ya kashe ƙari, ke yake ramarwa. 'Yan'uwa kuma su daina faɗa da ke a kan kwano, ramar wannan ciwon sinadaran da ke yawo a jini ne ke kawo ta, ɗura ba ta gyara ta, ɓacin rai kawai take ƙarawa. Duk wani jiƙe-jiƙe ko garin magani ko ƙwayar ƙarin kuzari da masoya za su kawo, na san da zuciya ɗaya suke kawowa, amma hantar nan ita ke tace kemo kuma ga ƙari a cikinta, ki nuna wa likita kafin ki kai baki.

Kwana nawa ya rage. Alƙaluman da za ki gani a intanet tsaka-tsaki ne, wato a jera mutum ɗari daga wanda ya fi saurin tafiya zuwa wanda ya fi daɗewa a ɗauki na tsakiya, rabi sun wuce wannan lambar, wasu sun wuce ta nesa ba kusa ba, kuma yawanci lissafin mutanen da aka yi wa magani shekarun baya ne. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Stephen Jay Gould, an gano masa wani mugun ciwon daji na rufin ciki a 1982, ya duba ya ga tsaka-tsakinsa wata 8 ne, ya rayu shekara 20, a 2002 ya rasu kuma da wani ciwon dajin daban. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a 2015 ciwon dajin fata ya je masa hanta da ƙwaƙwalwa yana da shekara 90, aka yi masa tiyata da gashi da maganin tayar da garkuwar jiki, sai a Disamban 2024 ya rasu yana da shekara 100. Ban kawo su don in yi miki alkawari ba, nasu ciwon daban naki daban, kuma akwai waɗanda suke ɗaya gefen layin da nasu ya zo da wuri, na kawo su ne don ki ga lamba ba sunanki ba ce a jiki. In kina so ki sani don ki tsara al'amuranki, ki tambayi likitanki haka, in abubuwa suka yi kyau sosai me muke fata, in suka ɓaci me muke tsoro, me ya fi yiwuwa. Mu kanmu abin da muka fi dubawa ba girman ƙari ba ne, ƙarfin mutum ne, wanda yake kan ƙafarsa fiye da rabin yini kemo na iya amfanarsa, wanda ya koma kwance fiye da rabin yini kuwa sau da yawa cutarwar kemo ta fi amfaninsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ranar nan ta zo kika ce a dakata da kemo, ba ki karaya ba kuma ba ki kashe kanki ba, maganin ciwo da gashi da ƙarin jini da kulawa duk suna nan ba a daina su. Tun yanzu da kike da ƙarfi ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da shi ki faɗa masa abin da kike so da wanda ba kya so in aka kai inda ba za ki iya magana ba, ki rubuta abin da ke buƙatar rubutawa, yin haka ba ya jawo komai kusa, nauyi yake saukewa.

Yara kuwa sun riga sun sani, sun ga gashin ya zube, sun ga ana yin shiru in sun shigo, abin da ba su sani ba shi ne me ke faruwa, kuma abin da yaro zai ƙirƙira a ransa ya fi gaskiyar ban tsoro, ƙananan har sukan ɗauka rashin jin maganarsu ne ya jawo. Ki faɗa musu sunan ciwon, ki ce ba laifin kowa ba ne, ba a ɗauka, su rungume ki yadda suka saba, ki faɗa musu wa zai riƙa kula da su ranakun da kike asibiti. Kar ki ce za ki warke, ki ce ciwo ne da ba ya tafiya gaba ɗaya amma ana ba ni magani don a danne shi, in wani abu ya canza ni zan faɗa muku. In babba a cikinsu ya tambaye ki ko za ki mutu, kar ki ce masa ya yi shiru, ki ce mutane na mutuwa da wannan ciwon, amma yanzu ina nan kuma ana yi mini magani. Ba zama ɗaya ake yi a gama ba, za su dawo da tambaya bayan kwana uku kina tsakiyar wani abu, ki amsa.

Ke ma ki yi kukanki in ya zo. Ana yawan takura masu wannan ciwon da "ki daure, kar ki sa damuwa ciwon zai ƙaru", har mace ta koma tana jin laifi don ta yi baƙin ciki, bincike bai nuna kuka na ƙara girman ƙari ba. Amma in ya kai sati biyu babu abin da ke miki daɗi, ba barci, kina jin ke kaya ce a wuyan mutane, wannan ciwon damuwa ne da ya hau kan na farko, yana da magani kuma yana jin magani, ki faɗa.

Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da wani, ki tafi da takarda da kika rubuta yadda kwana bakwai ɗin nan suka wuce, awa nawa kika yi a kwance, ciwo ya kai nawa cikin goma, mofin ɗin ko-ta-kwana sau nawa. Kuma kafin a ɗaura miki ruwan, tun ba a kawo shi ba, ki fara da maganar ƙafar nan, ki ce yaushe ta fara kuma yanzu ta hau har ina. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, ya raya miki yaran.